Babi na Bakwai: Kifin da Cikinsa Ya Kumbura

A Zuru, idan aka ce wane yana kiwon kifi, tarwaɗa ake nufi. Garin ba a bakin babban kogi yake ba kamar Yawuri, ba shi kuma da tsohon sunan da Argungu ta yi a harkar su. Ƙasa ce ta tuddai da duwatsu da noman dawa, saboda haka kifin da ake kiwo a nan yana zaune ne a tankin siminti a bayan gida, ko a tankin tampol, ko a ramin da aka haƙa a fadama. Kifin ado da ake kira beta kuwa, ɗan mitsitsin nan mai dogayen fikafikai ja ko shuɗi wanda tsawonsa bai fi santimita 7 ba, baƙo ne da aka fi gani a shagunan manyan birane irin su Legas da Abuja, daga can wani ya sayo wa 'ya'yansa a cikin kwalba. Mai tarwaɗa dubu jarinsa yake dubawa, mai beta ɗaya tilo yaronsa yake lallashi, amma akwai safiyar da take haɗa su. A wayi gari cikin kifi ya kumbura, ya kasa iyo daidai: ko ya karkace gefe ɗaya a saman ruwa, ko ya tsaya cak kai sama wutsiya ƙasa, ko ya kwanta a ƙasa ya ƙi abinci. Abin da akasarin mutane suke yi a wannan safiya iri ɗaya ne, su nufi kemis ko shagon magungunan kaji, su sayo kafso ko garin maganin ƙwayoyin cuta su barbaɗa a ruwa. Da wannan tafiya zuwa kemis nake jayayya. Kumburin ciki alama ce kawai, kuma sau da yawa asalinta yana hannun mai kiwon: abincin da ya zuba ya wuce kima, da ruwan da ya bari ya lalace. Magani da bai fara daga nan ba asarar kuɗi ne, wani lokaci ma ya fi asarar kuɗi muni.

Ban haɗa waɗannan kifaye biyu don neman magana ba. Asalin beta ƙasar Tailan ce, a gonakin shinkafa da fadamu marasa zurfi na kwarin kogin Chao Phraya da na Mekong. Masanin kifi ɗan Ingila Charles Tate Regan ne ya raɗa masa sunan kimiyya Betta splendens a 1910, kuma a 2019 gwamnatin Tailan ta ayyana shi a matsayin dabbar ruwa ta ƙasa. Tarwaɗarmu kuwa, Clarias gariepinus, 'yar gida ce a kogunan Afirka da tabkunanta. Ba danginsu ɗaya ba, amma Allah ya yi musu baiwa iri ɗaya: a saman jan naman nan na ƙarƙashin kumatu da kifi yake numfashi da shi, wato mashaƙa, kowannensu yana da wata gaɓa ta daban da yake shaƙar iskar sarari kai tsaye. Shi ya sa mai sayar da tarwaɗa take iya ajiye ta wuni guda a baho da ɗan ruwan da bai rufe bayanta ba, shi ya sa kuma beta yake yin makonni a kwalbar da wani kifin ba zai kwana a ciki ba. Wannan baiwa ce take ruɗin masu kiwo. Karfasa, idan ruwa ya ɓaci, kafin gari ya waye ta taso sama tana haki, washegari ta fara mutuwa, mai ita ya gane nan take cewa ruwa ne. Tarwaɗa da beta ba sa yin wannan kururuwa. Suna tasowa su kurɓi iska su koma, suna cin abinci, mai kiwo yana ganin komai lafiya. Sai dai shaƙar iskar sarari matsalar oksijin kaɗai ta warware musu. Dafin da ya taru a ruwa yana nan yana cin fatarsu da mashaƙarsu da ƙodarsu a hankali, har ranar da jiki zai gaza. Ranar da aka ga kumburi, yawanci an yi makonni ana ɓarna ba a sani ba.

Wajibi ne mai kiwo ya san jakar iska, domin a kanta aka fi ɗora laifi. Duk macen da ta taɓa gyaran karfasa ko giwan ruwa ta ga wata farar jaka mai sheƙi a manne da ƙashin baya, ita ce. Naman kifi da ƙashinsa sun fi ruwa nauyi, don haka da babu wannan jaka da kullum nutsewa zai riƙa yi. Da iskar da ke cikinta yake daidaita nauyinsa ya tsaya inda ya ga dama ba tare da wahala ba. A wasu kifayen jakar tana da ɗan bututu da ya haɗa ta da maƙogwaro, su haɗiyi iska ko su yi gyatsarta. A wasu kuma, har da karfasa da beta idan sun girma, bututun ya toshe, iska ta jini take shiga jakar ta jini kuma take fita, aikin da yake ɗaukar lokaci. Halittar beta ta sa shi cikin haɗari na musamman. Kayan cikinsa duka a cushe suke a ɗan wuri bayan kai, jakar kuma ta miƙe daga nan zuwa wajen wutsiya, saboda haka da hanji ya cika ya ƙi saki, sai ya danne ta ko ya ture ta, kifi ya karkace. Jakar lafiyarta ƙalau, maƙwabcinta ne ya matse ta. Ita tarwaɗa lamarinta daban ne, kuma wannan ya kamata masu kiwo su riƙe: jakarta 'yar ƙarama ce, a rufe cikin ƙashi kusa da kai, ta fi yi mata amfani wajen ji, kuma da iskar da ta kurɓa a sama take daidaita kanta a ruwa. Tarwaɗar da ta rataye a saman ruwa ba ciwon jakar iska take yi ba. Ciwo ne a ciki, ko a mashaƙa, ko ruwan ne ya dame ta.

Kumburin kansa ba iri ɗaya ba ne, kuma rarrabe shi ne rabin aikin. Na farko na abinci ne. Manomin Zuru ya san abin da yake samun akuyar da ta faɗa rumbu ta ƙoshi da dawa. Dabbar ba ta kamu da cutar kowa ba, cikinta ne ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa. Busasshen abincin kifi yana shan ruwa ya kumbura bayan an haɗiye shi, kuma beta da tarwaɗa duka ba su san ƙoshi ba idan abinci yana gabansu. A 'ya'yan tarwaɗa abin yana kai wa ga mummunan hali: hanji ya fashe, ciki ya kumbura ya yi duhu, fatar cikin ta ruɓe har ta buɗe. Masu bincike a Jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan sun bayyana wannan ciwo a 1987, sun kuma nuna cewa yana da alaƙa da yawan abincin da ake bai wa ƙananan kifi masu saurin girma. Kifayen da suka fi kuzari, waɗanda suke rigan 'yan'uwansu wawason abinci, su ne yake kamawa, abin da yake ƙara ƙona ran mai kiwo. Na biyu na ruwa ne, kuma shi ne mai tsanani. Jinin kifin kogi ya fi ruwan da yake zaune a ciki gishiri nesa ba kusa ba, don haka dare da rana ruwa yana tsiyaya cikin jikinsa, ƙodarsa kuma tana fitar da shi a matsayin fitsari mai yawa. Idan ƙoda ta gaza, ko hanta, ko mashaƙa ta lalace, ruwan sai ya taru a ciki da cikin tsoka. A beta ana gane wannan idan an leƙa shi daga sama: ɓawon jikinsa ya mimmiƙe ya yi cirko-cirko, wani lokaci ido ya firfito. Tarwaɗa ba ta da ɓawo, sai dai a ga cikin ya yi taushi yana reto, dubura ta yi ja, gashin baki ya fara cinyewa, fata ta yi gyambo. Akwai kuma kumburin da ba ruwansa da waɗannan: mace mai ɗauke da ƙwai, ƙari da ya fito a gefe ɗaya, tsutsar ciki. Mace mai ƙwai tana cin abincinta tana iyonta, ba ta buƙatar komai.

Hausawa suna cewa ruwa ba ya tsami banza, kuma a tankin kifi abin da yake tsamar da shi sananne ne. Kifi yana fitar da amoniya ta mashaƙarsa, kashinsa da ragowar abinci suna ruɓewa su ƙara wata. A kogi ruwa yana wucewa da ita. A tankin siminti ko kwalba ba ta da wurin zuwa. Dafinta kuma ba tsayayye ba ne, yana bin zafi da ma'aunin tsamin ruwa da ake kira pH. A zafin digiri 25, idan pH yana 7, ɓangaren amoniya mai dafi bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Idan ya hau 8 sai ya haura kashi 5. Sabon tankin siminti da ba a jiƙa shi an wanke sau da yawa ba yana ɗaga wannan ma'auni, shi ya sa ake yawan asarar zubin farko. A nan yanayin ƙasar Zuru yake shigowa da kansa. A watan Maris da Afrilu zafi yana ƙara wa amoniya dafi, ruwa yana rage riƙe oksijin, rijiyoyi suna ja baya, mai kiwo yana jinkirta canjin ruwa daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. A Disamba da Janairu kuma matsalar ta juya. Kifi ba ya ɗumama jikinsa da kansa, zafin ruwa ne zafinsa, kuma narkar da abincinsa da shi take tafiya. Tarwaɗa ta fi girma a wajen digiri 28 zuwa 30, beta yana son 24 zuwa 28. Daren hunturu yana sanyaya tankin tampol da kwalbar falo ƙasa da haka, ciki ya yi nauyi, amma mai kiwo ya fito da sassafe ya zuba mudun da ya saba zubawa a watan Yuni. Rabin abincin ya zauna a cikin kifi, rabi ya ruɓe a ƙasan tanki. Mataki ɗaya ya haifi kumburin abinci yau, ya kuma share wa kumburin ruwa hanya.

Ga mai beta, abin yi ba shi da wuya. A daina ba shi abinci kwana 2 zuwa 3. Kifi baligi ba ya cutuwa da wannan. A canza kamar kashi ɗaya cikin uku na ruwan da wanda ya kwana a buɗe, mai ɗumi daidai da na tankin, domin ruwan famfo mai sinadarin kulorin yana ƙona mashaƙa. A riƙe ɗumin wajen digiri 26 zuwa 28, a rage zurfin ruwan don ya iya kai bakinsa sama ba da wahala ba, tunda beta da ya kasa tasowa yana iya shaƙewa. Idan ya yi kashi cikin ya saki, a koma ba shi abinci kaɗan kaɗan, 'yan ƙwayoyi da aka jiƙa tukuna. Masu kiwon kifin ado a Turai da Amurka suna yawan ba da shawarar dafaffen koren wake, amma wannan dabara daga kiwon kifi masu cin ganye ta samo asali, beta kuwa macin ƙwari ne mai gajeren hanji. Ƙananan ƙwarin ruwa da ake kira dafniya sun fi dacewa da shi, haka ma tsutsar sauro wadda ita ce abincinsa na asali, da sharaɗin kada a ajiye ruwa ana kiwon sauro a gida saboda kifi ɗaya, a ƙasar da zazzaɓin cizon sauro yake kashe yara. Daga nan a fitar da shi daga kwalba zuwa mazubin da ya kai lita 20. Idan ɓawo ya riga ya mimmiƙe, gaskiya ɗaya ce: kaɗan ne suke tashi. A ware shi, a ba shi ruwa mai tsabta, idan kuma ya kai ga kwanciya ya daina ci kwana da kwanaki, man kanumfari da aka kaɗa a ruwa yana sa shi barci ya mutu ba da azaba ba. A wanke hannu bayan taɓa ruwan, mai rauni a hannu kuma kada ya tsoma, domin akwai ƙwayar tarin fukan kifi, Mycobacterium marinum, da take shiga fatar mutum ta yi ƙurji mai wuyar warkewa.

Ga mai tarwaɗa ma tsarin ɗaya ne, girmansa ne ya bambanta. A tsayar da abinci kwana 1 ko 2, a zubar da ruwan ƙasa inda dattin yake a ƙara sabo, a kwashe matattu da masu ciwo nan take saboda tarwaɗa tana cin 'yar'uwarta, a zuba gishirin girki kimanin kilo 1 zuwa 2 a kowace lita 1,000, wanda yake rage wa ƙoda aiki. Sannan a yanka wadda ta mutu yanzu a duba. Hanji a cike tam yana nuna abinci. Ruwa rawaya ko mai jini a ciki yana nuna ƙwayar cuta ta shiga. Hanta fara fat ko mai laushi tana tura mutum ya je ya shinshina buhun abincinsa. Masara da ƙuli-ƙuli da suka yi fumfuna a damina suna ɗauke da dafin aflatoksin, wanda duniya ta san shi tun 1960 lokacin da garin gyaɗa ya kashe talo-talo kimanin 100,000 a Ingila, kuma hanta yake fara ci. Idan za a dawo da abinci a fara da rabi, a kuma daina auna shi da ido: a riƙa auna 'yan kifaye kowane mako biyu, ƙanana su ci wajen kashi 5 cikin 100 na nauyinsu a rana, manya kashi 2 zuwa 3, a lokacin sanyi a jira rana ta ɗaga kafin a zuba.

Mai kiwo zai ce: ni dai na zuba magani kuma kifina suka warke. Ba na ƙaryata shi. Amma a duba abin da ya yi a ranar. Kafin ya zuba maganin ya canza ruwa, saboda tsoro ya daina ba da abinci, ya kwashe matattu. Ya yi duk abin da ya kamata, sannan ya miƙa wa kafso godiya. Wani zai ce, ai ƙwayoyin cutar gaskiya ne, ba ƙirƙira ba. Haka ne, kuma wannan ce hujja mafi ƙarfi. Aeromonas hydrophila tana kashe tarwaɗa da yawa a Najeriya, kuma akwai halin da babu makawa sai an yi amfani da antibayotik. Sai dai wannan ƙwaya mazauniyar ruwa ce, tana nan a kusan kowane kududdufi har da cikin hanjin lafiyayyen kifi. Tana samun galaba ne idan cunkoso da amoniya da rauni sun karya garkuwar jiki. A kashe ta yau a bar ruwan yadda yake, mako biyu ta dawo. Ga kuma yadda ake ba da maganin: a barbaɗa shi a ruwa ba awo, kifin da ya fi buƙata ba ya ci, abin da ya shiga jininsa bai isa ya kashe ƙwayar ba, ya dai isa ya koya mata juriya. Ruwan tankin kuma lambu ake sakar wa ko kwata, kifin a sayar kafin maganin ya fita daga namansa. Babban binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. Kafson da ake fasawa a tankin kifi dangin wanda likita zai rubuta wa yaro mai ciwon huhu ne. Wannan ya isa ya sa mutum ya tsaya ya yi tunani kafin ya fasa.

Hujja ta uku ta talauci ce, kuma ita ta fi taɓa zuciya. Ruwa a bazara da tsada, man janareta da tsada, kowace ranar da kifi bai ci ba rana ce da aka ƙara kafin a sayar, likitan dabbobin da ya san kifi kuma ba a kowace unguwa yake ba. Duk wannan gaskiya ne. Amma lissafin ma yana bayan haƙuri. Abinci shi ne yake cinye fiye da rabin kuɗin kiwon tarwaɗa, don haka kwana biyu na azumi ragi ne a kashe kuɗi, kifin da ya warke kuma yana rama abin da ya rasa. Wanda ruwansa ba zai ishi kifi 1,000 a watan Afrilu ba, gara ya zuba 500, ko ya tsara zubinsa yadda zai kwashe kafin rijiya ta ja. Shuwaka da wasu suke matsawa a ruwa ba ta kai antibayotik haɗari ba, amma ita ma ba ta kwashe amoniya, kuma idan an cika ganye a tanki ruɓewa yake yi.

Idan an yi kwana uku ana azumi da canjin ruwa amma mutuwa tana ƙaruwa, ko aka ga gyambo da jini a kifaye da yawa, lokacin neman masani ya yi, kuma mutanen Zuru ba su rasa inda za su ba. Akwai ofishin likitan dabbobi da malaman gona, akwai Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da aka kafa a garin a 2020 a kan tushen tsohuwar Kwalejin Aikin Gona, akwai kuma cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da ke New Bussa a Jihar Neja, wadda ta samo asali daga aikin binciken Tafkin Kainji da aka fara a 1968. Yadda ake zuwa ma yana da muhimmanci. Kifin da ya kwana a mace ba ya nuna komai, domin cikinsa ya riga ya ruɓe. A tafi da biyu ko uku masu ciwo da ransu a bokiti, ko wanda ya mutu yanzu a cikin ƙanƙara, da ruwan tankin a kwalba mai tsabta da aka ɗiba kafin a canza shi, da ɗan abincin da suke ci, da takardar da aka rubuta yawan kifin, girman tankin, abin da ake zubawa a rana da adadin da ya mutu kowace safiya. Da waɗannan ne likita zai iya gane ko ana buƙatar magani, wane iri, awo nawa za a gauraya a abinci, da kwana nawa za a jira kafin a kai kifin kasuwa.